Tambayi Kawu: A ina za mu yada zango in dare ya yi mana a hanya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk maganar tafiya ce, ga dogon hutun yara ya ƙarato ga bukukuwa ko ta ina, sai na ware waɗanda suka haɗu a kan wurin kwana. Biyu na farko a Amurka za a yi tafiyar, sauran kuma a nan gida.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune nan Birnin Kebbi. Ƙanen maigidana na aiki Houston can Amurka, ya yi muna takardu za mu kai mishi ziyara lokacin hutu, ni da maigida da yara da surukata Hajiya. Shi ne ya ce wai zai ɗauko hayar irin tirelar nan da ake ɗaurawa bayan mota, mai gado da kicin da bayi a ciki, mu tahi kallon Grand Canyon muna tahiya muna kwana a hanya. Kawu wallahi hankalina bai kwanta ba, ina anka taɓa kwana cikin daji da ƙananan yara da tsohuwa? Shi ma bai taɓa jan irinta ba, kuma ya ce in dare ya yi duk inda munka samu mu tsaya. Mi za mu duba kafin mu zaɓi wurin kwana? Daga Maman yara, Birnin Kebbi.

AMSA: 'Yata kwantar da hankalinki, abin da ƙanen mijinki ya shirya ba baƙon abu ba ne a can, iyalai da yawa haka suke hutunsu kuma akwai filaye da aka tanada musamman don masu irin wannan tirelar, da famfo da wuta da bandaki da masu kula. Amma maganar nan tasa ta duk inda dare ya yi mu tsaya, ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ki gaya masa Kawu ne ya ce. Fataken da, masu bi ta Jega da Yauri su nufi Gwanja sayen goro, ai ba haka suke yi ba, madugu ya san zangon da za a sauka tun kafin a ɗaura wa jakuna kaya, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma ana isa da sauran rana. Zango ake fara zaɓa sannan a auna tafiyar yini a kansa.

Ki fara da nisan. Daga Houston zuwa Grand Canyon, wato ƙaton kwazazzabon nan na jihar Arizona, ya haura kilomita 2,000, kuma mota mai jan tirela ba ta gudu kamar mota ita kaɗai, ga tsayawa shan mai da yawa ga yara masu son fitsari ga salla. Masu wannan harka a can suna da wata ƙa'ida da suke ba sababbi, kar a wuce mil 300 a yini, wato wajen kilomita 480, kuma a isa masauki kafin ƙarfe 3 na yamma. In kin raba za ki ga tafiyar kwana huɗu ce ko biyar kafin ku isa, to kinga wuraren kwana huɗu ko fiye ya kamata ya kama tun kuna nan Kebbi ba ku ma hau jirgi ba. Dalilin isa da rana kuwa a fili yake, mutumin da bai saba ba ya zo yin ribas da tirela cikin duhu tsakanin bishiyoyi da motocin mutane, ya gaji, yara na kuka, maƙwabta sun yi barci, nan ake karya abu kuma nan rai ke ɓaci. Saboda haka ma in zai kama fili ya nemi irin wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ba sai an yi ribas ba, suna rubuta shi a jikin bayanin filin, ko da ya ɗan fi tsada ya biya, musamman daren da kwana ɗaya kawai za ku yi ku wuce.

Sai abin da nake ganin ba ku lissafa ba, wato yawanku. Ke da maigida da yara huɗu da Hajiya da shi kansa, mutum takwas kenan. Ba a zama cikin tirelar tana tafiya, babu bel a ciki kuma jihohi da yawa sun hana, dole kowa ya samu kujera a mota, ƙananan yara kuma sai da kujerarsu ta musamman, wannan doka ce a duk faɗin ƙasar. Sannan filaye da yawa mutum shida ne iyakar abin da suke yarda a fili ɗaya. Ya kira su ya faɗi yawanku tun farko, in fili biyu za a kama kusa da juna a kama, in ƙarin kuɗi ne a sani, ya fi ku isa bakin get da magariba a ce kun yi yawa.

Filayen kansu iri-iri ne. Akwai na 'yan kasuwa, irin su KOA da aka kafa a garin Billings na jihar Montana a 1962 kuma yanzu yana da rassa ɗaruruwa, yawanci kusa da babban titi suke, da wurin wanki da wurin wasan yara da ɗan shago. Waɗannan su na fi so muku a dararen da kuke kan hanya, sauka ɗaya daga titi kun isa. Akwai na gwamnatin jiha, sun fi sauƙin kuɗi galibi kuma sun fi fili da natsuwa amma sukan yi nisa da titi, misali in kun bi ta Amarillo akwai gandun Palo Duro Canyon kusa da garin, wuri ne mai kyau sosai amma sai an gangara kwazazzabo da tirela, ga sabon direba wannan aikin rana ne tsaka ba na yamma ba. Sai na gwamnatin tarayya da ake kamawa ta shafin Recreation.gov, da yawansu wata shida kafin ranar ake buɗe su kuma lokacin hutun bazara cika suke da wuri. A Grand Canyon ɗin kanta ɓangaren kudu akwai filin Mather, yana da kyau cikin bishiyoyi amma ba a jona wa tirela wuta ko ruwa kuma ba sa karɓar abin da ya wuce ƙafa 30, sai kuma Trailer Village da ke kusa da shi, nan ne ake jona komai. Da tsohuwa da yara ni na biyun zan zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Ya san tsawon tirelar da tsayinta ya rubuta a takarda ya manna kusa da sitiyari, don duk inda ya kira abin da za a fara tambayarsa kenan.

Maganar jonawa ɗin nan ki riƙe ta da kyau don ita ta fi shafarki. Abu uku ake jonawa, ruwa da wuta da bututun fitar da ƙazanta. Wani filin duka ukun yake da su, wani ruwa da wuta kawai, wani babu ko ɗaya. Tirela tana da tankin ruwa mai kyau, da tankin ruwan wanka da wanke-wanke, da tankin bayi, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su yi lissafin gidan da mutum takwas ke tsarki da ruwa suna alwala sau biyar a yini ba. Mu mutanen buta ne, tankunan nan za su cika da sauri fiye da yadda mai hayar zai gaya muku. To ko dai ku riƙa kwana inda ake jona bututun, ko ku tabbata filin yana da wurin zubarwa kafin fita, kuma manya su riƙa amfani da bandakin filin, a bar na cikin tirela don Hajiya da yara da dare. Alwala a yi ta a waje da buta. In yana kama fili ya duba taswirarsu ya zaɓi wanda ke kusa da bandaki amma ba wanda ke manne da shi ba, don mutane na zirga-zirga da fitila har tsakar dare. Wuta kuma iri biyu ce, mai amfiya 30 da mai 50, ya tambayi mai tirelar wace take sha kuma ya karɓi adafta. Ki kuma sani wutar soket ɗinsu 120 ce ba irin tamu 230 ba, cajar waya ba matsala in an sa mata kan da ya dace, amma kar ki wahalar da kanki ki ɗauki hita ko blenda daga nan.

Yanayi ma yana cikin zaɓen wuri. Mu 'yan Kebbi mun san zafi, amma tirela akwatin ƙarfe da roba ce, in kun bi hanyar kudu ta El Paso da Phoenix a watan Yuli zafin yakan haura digiri 43, filin da babu wutar kunna esi a nan ba wurin kwanan tsohuwa ba ne. Da kun hau wajen Flagstaff da bakin Grand Canyon kuwa, tudun ya kai mita 2,100, dare kan yi sanyi ko a tsakiyar bazara, sai ki sa rigunan sanyi da safa a jakar yara. Daga Yuli zuwa Satumba ana ruwan sama mai ƙarfi na farat ɗaya a yankin, busasshen rafi ya cika cikin mintoci, fili mai kwari ko bakin rafi a bar shi. Janareta kuma in akwai kar a kunna shi kusa da taga, a cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba da ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci, ku gwada ƙararrawar hayaƙin da ke cikin tirelar tun ranar da za a karɓe ta. Filaye da yawa ma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, ba janareta ba hayaniya, sai a ja wa yara kunne, kuma in an tashi asuba a yi komai a hankali.

Abinci ki yi girkinki yadda kika saba, akwai risho na gas a ciki. Amma kar ki bar tukunya ko shara a waje ku kwanta, namun daji na bin ƙamshi, wasu wuraren har tara ake ci. Kuma dan Allah kar ki ɗauki kilishi ko dambun nama daga gida, kwastam ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, duk abincin da ke jakarki ki faɗa da bakinki kafin su gani. Naman halal ku saya a Houston ku cika firij, yana da yawa a can, a hanya sai manyan garuruwa irin Albuquerque.

Salla kuwa ku tuna alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma agogo na canzawa, lokacin bazara awa biyu ne tsakanin Houston da yawancin Arizona, a riƙa duba lokutan garin da aka sauka ba na garin da aka baro ba. Kafin ya biya kuɗin kowane fili ya karanta abin da waɗanda suka kwana a ciki kwanan nan suka rubuta, ya ga ko akwai mai kula da ke kwana a wurin, ko waya na kamawa, ko layin dogo na wucewa ta baya, da nisan asibiti mafi kusa saboda Hajiya. Lambar gaggawa 911. In kun isa wuri kika ji zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki faɗa, shi ya sa ake isa da rana, don a samu damar matsawa gaba.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan Talata Mafara ne amma ina karatu a Amurka. Abokaina sun ce ana kwana kyauta a filin ajiye motoci na Walmart ko wurin hutawa na bakin titi. Ina son in yi tafiya da matata da jaririnmu da ƙaramar tirela kuma kuɗi ba yawa. Ya kake gani? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana gaskiya ne wasu shagunan Walmart suna barin matafiyi ya kwana, amma ba duka ba, manajan kowane shago shi ke da wuƙa da nama kuma wasu garuruwan dokarsu ta hana gaba ɗaya. Sai ka kira ka tambaya kafin ka isa, kar ka dogara da maganar abokai. In an yarda maka to kwana ɗaya ne, ka yi fakin can gefe, ba a baza kujeru ba a hura wuta ba a kwance tirela daga mota. Wuraren hutawa na bakin titi kowace jiha da dokarta, akwai mai barin sa'o'i kaɗan akwai mai hana kwana, allon da ke wurin shi zai gaya maka. A jihohin yamma akwai filayen gwamnatin tarayya da ake sauka kyauta har kwana 14, sai dai babu famfo babu bayi babu wuta, sau da yawa ko sabis babu.

Da kai kaɗai ne da na ce ka gwada. Da mai jego da jariri kuwa ban ba ka shawara ba, jariri ba ya jure zafi ba ya jure sanyi, kuma filin shago babu inda za ka jona wuta, ga manyan motoci na kwana da inji a kunne ga fitilu kamar rana. Ka rage tsawon tafiyar ka kwana a filin gwamnatin jiha mai wuta da ruwa, kuɗin mai da ka rage shi zai biya maka wurin kwanan. Ka bar na kyautan ya zama na larura, ranar da taya ta fashe ko ruwa ya tsare ku.

TAMBAYA: Salam Kawu. Za mu kai amarya Ibadan daga Jega, mota biyu, Siyana da bas ƙarama, kuma mun ɗaura 'yar tirela ta kaya a bayan Siyanar don kayan ɗaki. Mata da yara sun fi yawa. Wasu sun ce mu yi ta tahiya har dare mu kwana gidan mai cikin mota, wasu sun ce mu kama otal. Wane gari ya kamata mu kwana, kuma mi ya fi? Daga Baffan amarya, Jega.

AMSA: Alhaji Allah ya sa alheri ya ba su zaman lafiya. Kai ne babba a tafiyar nan, to ka yanke magana tun a gida, ba tafiyar dare. Ba sai na yi maka dogon bayani a kan halin da hanyoyinmu ke ciki ba, ka fi ni sani, kuma ko babu ɓarayi akwai ramuka da manyan motocin da suka lalace a tsakiyar titi babu fitila babu alama sai ganye da aka jera, ga tirelar kayanku da ban tabbata an haɗa mata fitilar baya ba. Ka sa a haɗa mata tun yau, da sarƙa ta biyu bayan ƙugiyar, da safayar taya tata ta kanta don ba girmansu ɗaya da ta Siyana ba. Kaya masu nauyi a ɗan matso da su gaban tayar tirela, in nauyin ya koma baya za ta riƙa wutsil-wutsil tana jan motar.

Hanyarku Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilorin sannan Ibadan. Ayari mai mata da yara da kaya a baya ba zai cinye wannan a yini ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Ku fita bayan gari ya waye sosai, ba da duhun asuba ba, kuma kwana ɗaya kafin tafiya ka je tasha da kanka ka zauna da direbobin da suka dawo ta hanyar jiya ko shekaranjiya, ka tambaye su ina ya lalace, ina ake tsoro, ƙarfe nawa suke daina wucewa ta wane wuri. Labarin wata ɗaya da ya wuce ba ya aiki a hanyar nan, na jiya ake so. Da abin da suka gaya maka za ka zaɓi garin kwana guda biyu, na farko wanda kake fata, na biyu wanda ya fi kusa in an makara. In komai ya tafi daidai kuna iya kaiwa Ilorin, in la'asar ta yi muku kuna wajen Kontagora ko Mokwa to ku sauka a nan kawai, kar wani ya ce saura kaɗan. Ka sa wa kanka ƙa'ida, ƙarfe 5 na yamma ta same ku a cikin masauki.

Kwanan gidan mai ban yarda ba. Na san ana yi, direbobi maza su kaɗai suna yi, amma gidan mai na bakin hanya nan tankoki ke kwana. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu a gobarar tanka, bayan 'yan watanni aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Ba na son yara su yi barci ko kusa da tankar mai. Ga babu bayi mai sutura ga mata, ga kayan amarya a fili kowa na wucewa yana ƙare musu kallo, ga sauro, don Yauri da Jebba duk bakin kogi ne. Direban da ya kwana a zaune yana korar sauro yana gadin kaya, shi ne gobe zai ja mota da mutum goma sha wani abu a ciki.

Mafi alheri gidan ɗan'uwa ko aminin arziki, kuma mutumin Jega da wuya ya rasa wanda ya sani a garuruwan nan, 'yan kasuwarku sun cika su. Ka kira tun mako guda kafin tafiya, ka faɗi yawanku da gaskiya, ku riƙe tabarmi da gidan sauro da ɗan abin hannu na masu gida, buhun shinkafar Kebbi ba ya kunyata mai shi. In babu, sai otal, amma ka bar mutane a mota ka shiga kai da mace ɗaya babba ku duba kafin ka biya. Ka ga akwai katanga da get da mai gadi, kuma motoci biyun har da tirela za su shiga ciki a rufe, in tirelar za ta kwana a waje to wurin bai yi ba. Ka buɗe famfo ka ga ruwa na zuwa, ka gwada sakatar ƙofa ta ciki, ka ɗaga zanin gado ka duba, ka leƙa ka ga inda janareta yake kar ya zama ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Ka saurara ko akwai mashaya da kiɗa a harabar, in akwai ku yi gaba. Ɗakunan mata su kasance jere da na maza a ɓangare ɗaya. Otal na cikin gari kusa da masallaci ko ofishin 'yan sanda ya fi wanda ke can bayan gari shi kaɗai ko da ya fi kyau da araha. In damina ce ka duba tudu, ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 cikin dare zuwa asuba ta zo, mutane na barci.

Wani abu kuma da nake roƙon mata da 'yan mata, a bar saka hotunan tafiya da sunan garin da aka sauka a sitatus da Facebook sai an isa. Mutum ɗaya ko biyu a gida su san inda kuka kwana ya isa. Ku sha mai da yamma kafin ku kwanta don safiya ta zama tashi kawai, ku ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra FRSC da 112 ta gaggawa. In kun isa Ibadan kuma wani abu ya shige muku duhu, unguwar Sabo na nan cike da 'yan'uwa da Sarkin Hausawa, ba za ku rasa mai nuna muku hanya ba.

TAMBAYA: Kawu maigidana ya ce kuɗin mota ya yi tsada, wai mu hau bayan tirelar da ke ɗaukar kaya daga Gusau zuwa kudu ni da yara uku, in dare ya yi mu kwana inda direba ya tsaya. In yarda? Daga wata baiwar Allah, Gusau.

AMSA: 'Yata kar ki yarda, kuma ki ba shi wannan shafin ya karanta. Malam na san halin da ake ciki, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, ba raina ƙoƙarinka nake ba. Amma bayan tirela babu abin riƙewa babu abin da zai tare mutum, in ta faɗi kayan da ke ciki kan mutane suke zubewa, shi ya sa haɗari ɗaya ke cin rayuka da yawa kuma 'yan rod sefti kullum suna gargaɗi a kai. Sannan ba ku ke zaɓen wurin kwana ba, direba ne, inda ya ga dama da lokacin da ya ga dama, garejin manyan motoci kuma ba wurin kwanan mace da yara ba ne. In tafiyar ba dole ba ce a ɗaga ta har a tara kuɗi. In dole ce, kai ka fara yin gaba, in ka samu abin hannu ka aiko musu su hau motar tasha mai rubuta sunan fasinja, wadda ke tashi da safe.

TAMBAYA: Kawu in mun sauka wani gari kwana biyu a hanya, ƙasaru za mu ci gaba da yi ko cikawa? Daga wani mai karatu, Argungu.

AMSA: A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, magariba da asuba yadda suke. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri sai ka cika, kwana ɗaya ko biyu na hanya kuwa kana nan a matafiyi. In ka bi limamin gari ka cika tare da shi. Maganar haɗa salloli biyu da sauran rassan mas'alar ka zauna da malamin unguwarku kafin ku tashi ya warware maka daidai da irin tafiyar da za ku yi.

Masu tambaya a kan kula da taya da birki lokacin damina, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.